Yaushe Za Mu Sake Saro Kaya, Kuma Nawa? Jawabin Magatakarda a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 



Muna yi wa Allah godiya da Ya sake nuna mana wannan rana a ƙarshen shekarar 2025 muna cikin rai da lafiya. Waɗanda muka yi bikin bara da su, bana babu su, Allah Ya jiƙansu, Ya kyauta namu zuwan.

Shugabanni sun umarci ofishin magatakarda ya yi magana a kan abu guda: yadda mai sayar da kaya ta waya zai san lokacin sake saro kaya, da yawan da ya kamata ya saro. Mu ba malaman jami'a ba ne, a sakandare muka ajiye alƙalami. Amma littafin sasanci na ƙungiya a hannunmu yake, kuma mu ne ke rubuta ƙarar da ake kawowa. Abin da muka gani a ciki shi za mu faɗa. In mun yi kuskure, iyayenmu da suka riga mu shan ranar kasuwa su gyara mana.

Wannan unguwa tamu ta Briketeri, wadda ta samo suna daga wurin gasa bulo na zamanin Jamusawa, fatauci ne ya kafa ta. Kakanninmu da ƙafa suka iso nan daga Kano da Yola da Ngaundere. Bafatake a wancan zamani sau ɗaya ko sau biyu yake saro kaya a shekara, mai saye kuma ya san sai ayari ya sauka. Iyayenmu suka zo suka buɗe butik, mai saye ya tako da ƙafarsa, in bai sami abin da yake so ba a zaunar da shi a ba shi shayi, a aika yaro shagon maƙwabci ya karɓo. Mu kuwa yau rabin cinikinmu a cikin waya yake. Tun da Jumia ta dakatar da harkarta a Kamaru a watan Nuwamba na 2019, kasuwar intanet a ƙasar nan ta koma WhatsApp da Facebook da TikTok, kuɗi ya shigo ta Orange Money ko MTN MoMo, ɗan bensikin ya kai kaya cikin gari, ajans ta kai na nesa. Mai saye ta waya ba ya zama shan shayi. Ka ce masa babu, kafin ka ajiye waya ya riga ya tura wa wani kuɗinsa.

Ƙararrakin da suka fi yawa a littafinmu iri biyu ne, kuma uwarsu ɗaya.

Na farko, wata 'yar uwarmu mai sayar da abaya. Ta sa hoto ana saura kwana goma Sallah, mata suka yi ta turo kuɗi daga Ebolowa har Libarbil. Ta karɓi kuɗin mutum fiye da kayan da ke hannunta, tana cewa motar Kano na hanya. Mota ba ta iso ba sai bayan Sallah da kwana huɗu. Ta mayar da kuɗi, ta biya kuɗin turawa daga aljihunta, aka kuma yi ta yawo da hotonta ana kiranta 'yar damfara. Baiwar Allah ba ta ci sisin kowa ba. Lissafin kwanakin hanya ne ba ta yi ba.

Na biyu, wani matashi da ya ga wani takalmi ya yi farin jini. Ya saro kwali biyu suka ƙare cikin mako guda. Sai ya kwashi adashinsa, ya ƙara da bashi, ya yi odar kwali arba'in daga Guwanzu. Kafin kayan su fito daga tashar Duwala wata uku ya wuce, yayi ya canza, shaguna goma a Mokolo suna da irinsa. Yau kayan na sito sun yi kwantai, damshin Yawunde na cin su, mai bashi kuma na ƙofar gida.

Ɗaya ta makara, ɗaya ya wuce gona da iri. Su biyun da ido suka yi saro, ba da littafi ba.

Bari mu fara da tambayar farko, wato yaushe. Lambobi uku kawai take buƙata.

Lamba ta ɗaya: guda nawa kake sayarwa a rana? Ba abin da kake zato ba, abin da ka rubuta. Ɗauki cinikin kwana 30 da suka wuce ka raba gida 30. Kuma a nan mai sayarwa ta waya ya yi hattara. Wanda ya danna alamar so a hoto bai saya ba. Wanda ya tambayi farashi bai saya ba. Wanda ya ce a kawo masa, ɗan bensikin ya je ya tarar waya a kashe, shi ma bai saya ba. Ciniki shi ne kayan da suka tafi, kuɗi ya shigo, ba su dawo ba.

Lamba ta biyu: kwana nawa ne daga ranar da ka yi oda zuwa ranar da kaya suka hau kanta? Da yawanmu kwanakin mota kawai muke ƙirgawa. Ba haka ba ne. Akwai kwanakin da kuɗi ke yi kafin su isa hannun ɗan kamasho ta wajen 'yan canji. Akwai kwanakin da zai yi yana haɗa kaya a Kantin Kwari. Akwai jiran mota ta cika. Akwai hanyar Mubi zuwa Gidar da Garwa, akwai duwan, akwai sauke kaya a Ngaundere a jira jirgin ƙasa ko babbar mota. Bayan sun iso akwai kwana ɗaya ko biyu na kwancewa da ɗaukar hoto. Duk a haɗa.

Lamba ta uku: kayan ko-ta-kwana. Duba odarka biyar ko shida na baya. Wacce ta fi daɗewa, kwana nawa ta ƙara a kan yadda aka saba? Cinikin waɗannan kwanaki shi ne ko-ta-kwanarka.

Ga misali. A ce hajiya tana sayar da mayafi 4 a rana. Kayanta daga Kano sukan yi kwana 18. Cikin kwana 18 za ta sayar da 72. Jinkiri mafi tsawo da ta taɓa gani ƙarin mako guda ne, wato mayafi 28. A haɗa 72 da 28, ya zama 100. To ranar da mayafin da ke hannunta ya sauko 100, ranar za ta ɗaga waya ta kira Kano. Ba sai ya saura goma ba. Mutum zai ga ɗari jibge a sito ya ce kaya na nan birjik, alhali ɗarin nan ta hanya ce, an riga an cinye ta a lissafi. Muna ba da shawara kowa ya rubuta wannan lamba da babban baƙi a jikin kwali, ko ya ɗaure ɗarin ƙarshe a dila daban. Ranar da aka kwance dilar nan, yaron shago ma ya san lokacin oda ya yi.

In kana da kaya a hanya, ka sa su cikin ƙidaya don kada ka yi oda sau biyu. In kuma kana sayarwa a butik da waya gaba ɗaya, littafi ɗaya za ka riƙe. Mun sha sasanta rigimar turmi guda da aka sayar wa mutum biyu: yaro ya sayar a shago da safe, maigida ya karɓi kuɗinsa ta waya da rana. Abin da ya ƙare a cire hotonsa nan take.

Tambaya ta biyu, nawa za a saro?

Hanya mafi sauƙi: yanke shawarar sau nawa kake son yin oda, ka saro cinikin tsakanin. Hajiyar nan in tana son oda sau ɗaya a wata, 4 sau 30, mayafi 120 ke nan. In kowane ɗaya ya iso mata a kan sefa 2,500 bayan an haɗa kuɗin saye da mota da duwan da ladan ɗan kamasho, jarin da take buƙata 300,000 ne. Ranar da sabbin suka iso tana da sauran 28, ta haɗa 148. Bayan kwana 12 ta sauko 100, ta sake kira. Haka abin zai yi ta juyawa wata-wata.

Inda ake zamewa shi ne wajen ragi. Mai kaya a Kano ya ce, Hajiya, ɗauki 400 in rage miki sefa 100 a kowane. Ragin 40,000, da daɗin ji. Amma a duba. Mayafi 400 a kan 2,400 ya kama 960,000. Ta ɗaure ƙarin 660,000 a kan abin da ta saba, kuma sai ta yi kwana 100 kafin ta sayar da su. Cikin kwana 100 launi na iya fita yayi. In 60 kacal suka yi kwantai ta karyar da su rabin kuɗi, ta yi asarar 72,000. Ragin ya tafi, har ya ja uwar kuɗi. Ba mu ce kada a karɓi ragi ba. Mun ce a auna shi da kwanakin da kuɗin za su yi a ɗaure, da hayar sito, da abin da kuɗin nan za su haifa da an juya su a wani kaya.

Haka kuma oda ƙanana-ƙanana tana da nata ciwo. Kowace tafiya tana da kuɗin da ba ya raguwa ko kaya kaɗan ne: ladan mai rakiya, takardu, kuɗin tura kuɗi. Tun watan Janairu na 2022 akwai harajin da gwamnati ta sa a kan turawa da cire kuɗi ta waya, ban da abin da kamfani ke ɗauka. Wanda ke oda kowane mako yana biyan waɗannan sau huɗu a wata. Saboda haka kaya na nesa, a yi oda mai ɗan kauri. Kayan da ake samu a Duwala, wanda ka kira yau ajans ta kawo gobe, babu dalilin tara su.

Kuma ba duk kaya ake yi wa lissafi ɗaya ba. Mun ga ya dace kowa ya raba kayansa gida uku.

Gida na farko, kayan kullum: farar shadda, hijabin makaranta, turaren wuta, humra, man shafawa, cajar waya. Waɗannan ba sa tsufa da wuri, kuma su ke riƙe da shago. Su ne ake yi wa lissafin da muka kawo, kada a yarda su yanke.

Gida na biyu, kayan yayi: sabon leshi, sabon ɗinkin abaya, jaka, takalmi. A nan waya ta ba mu abin da iyayenmu ba su samu ba. Kana iya gwada kasuwa kafin ka zuba jari. Saro kaɗan, sa hoto, ka ga kwana nawa suka yi. In za ka ƙara, ƙara ninki ɗaya, ba ninki ashirin ba. In kuma za ka karɓi kafin alƙalami a kan kayan da ba su iso ba, faɗa wa mai saye gaskiya cewa kaya na hanya, ka ba shi rana, ka ƙara mako guda a kan ranar da kake tsammani. Kuɗin nan amana ne, ba jari ba ne, kada a juya shi.

Gida na uku, kayan rana guda. Duk wanda ke Kamaru ya san atamfar 8 ga Maris ta ranar mata. Ranar 7 ga wata ana rububinta, ranar 9 babu mai tayawa da daraja, domin shekarar na rubuce a jiki. Haka kayan komawa makaranta a farkon Satumba, haka dabinon azumi, haka kayan yara na Sallah. Irin waɗannan gara su ƙare maka kana da sauran masu nema, da su kwana a hannunka. Ka duba abin da ka sayar bara a kan cikakken farashi, ka tsaya kusa da nan.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu a bana, muna roƙon kowa ya buɗe kunne.

Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Wanda ya ce bara a watan kaza na yi oda, bana ma haka zan yi, ya riga ya makara. Ana sa ran fara azumin 2026 wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, Ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, Babbar Sallah kuma a ƙarshen Mayu, in Allah Ya kai mu. A lokaci guda, sabuwar shekarar Sinawa za ta kama 17 ga Fabrairu. Masu hulɗa da Guwanzu da Yiwu sun san ma'anar wannan: masana'antu kan fara rufewa tun kafin ranar, ma'aikata su tafi garuruwansu, aiki ba ya komawa daidai sai cikin Maris.

Sai mu ƙirga da baya. Telolin unguwar nan ba sa jiran ƙarshen azumi, da an yi nisa suke daina karɓar ɗinki. Ke nan yadi da shadda da leshi dole su kasance a hannunmu kafin a ga wata. Kayan Sin ta jirgin ruwa, daga oda zuwa fitowa daga tashar Duwala ko Kiribi, waɗanda suka saba sun san wata biyu zuwa uku ne. Wata uku kafin tsakiyar Fabrairu shi ne tsakiyar Nuwamba. Wanda bai yi odarsa ba har yanzu, ya tashi daga taron nan ya yi. Kuma ya sani babu zagaye na biyu: in kaya suka yanke cikin azumi, waɗanda za ka kira suna hutu. Har kayan Babbar Sallah, wanda ya jira sai Maris ya yi oda ta ruwa, da wuya su same shi a kan kari. Gara a haɗa su tun kafin hutun, ko a shirya biyan kuɗin jirgin sama. Masu saro daga Kano kuwa, tsakiyar Janairu ne lokacinku, domin gab da azumi Kwari cika take, mota na wuya, kuɗin dako na tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar hanya. Duk wanda ya shekara goma a wannan sana'a ya ga abin da ya ishe shi darasi. Rikicin Boko Haram ya rufe hanyar Banki da Amcide a 2014, aka koma zagaye. Rikicin yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma tun 2016 ya sa hanyar Ikom zuwa Bamenda ta zama sai da lissafi, ga zaman gida na ranar Litinin. Ranar 21 ga Oktoba 2016 hanyar mota ta Duwala zuwa Yawunde ta yanke, a ranar kuma jirgin ƙasa ya yi hatsari a Eseka, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020, a tsakiyar haka korona ta sa Kamaru ma ta rufe nata a Maris 2020. Babu ko-ta-kwanar da za ta riƙe mutum wata goma sha shida. Abin da ya ceci waɗanda suka tsira shi ne suna da wurin saro na biyu. Kowane kaya na gida na farko, a san inda za a same shi a Duwala ko Garwa ko da ya fi tsada, a riƙa taɓa ciniki da mutumin tun ana zaman lafiya, don ranar tsanani ya san fuskarka. Damina ma a sa ta a lissafi: daga Yuli zuwa Satumba hanyoyin arewa na ƙara kwanaki.

Maganar canji ita ma ta shafi saro. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta faɗi ƙwarai, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Da farko kayan Kano suka yi mana araha, wasu suka yi ta jida. Ba a daɗe ba farashi a Kano ya biyo baya. Wanda ya sayar a kan tsohon lissafi ya koma ya tarar kuɗinsa ba za su sayi yawan abin da ya sayar ba. Ƙa'idar ita ce, farashin sayarwa a ɗora shi kan abin da za ka biya in za ka sake saro kayan yau, ba abin da ka biya wata biyu da suka wuce ba. Kuma kuɗin saro a ware shi daga kuɗin cefane. Wayar da ake karɓar kuɗin ciniki da ita, ita ake biyan kuɗin makaranta da gudummawar biki, ranar oda a duba a ga wayam. In da hali a yi layi biyu.

Wani zai ce, duk wannan lissafi, ina tawakkali? Arziki na Allah ne, babu musu. Amma addinin da ya ce a rubuta bashi, ya kuma wajabta wa ɗan kasuwa ya ƙiyasta hajarsa in shekara ta zagayo ya fitar da zakka, bai bar mu mu zauna ba mu san abin da ke sitonmu ba. Wanda bai san yawan kayansa ba, ta yaya zai fitar da hakkin Allah daidai?

A ƙarshe, ga abin da ofishinmu ke gabatarwa, shugabanni su duba.

Ɗaya, mun buga takarda mai layi biyar: sunan kaya, cinikin rana, kwanakin hanya, lambar sake oda, da yawan oda. Tana nan da Hausa da Faransanci, kyauta. Wanda rubutu ke ba shi wuya ya zo ofis ranar Asabar bayan La'asar mu cike tare, ko ya turo ɗansa.

Biyu, duk wanda kayansa suka iso ya sanar da mu ranar da suka taso da ranar da suka sauka da hanyar da suka biyo. Ba ma neman sanin kuɗi ko yawan kaya. Kwanaki kawai. In muka tara, kowane ɗan ƙungiya zai san ainihin kwanakin Kano, Legas, Duwala da Guwanzu a kowane lokaci na shekara.

Uku, masu ƙaramin jari su haɗa oda a mota ɗaya ko kwantena ɗaya, a rubuta rabon kowa a gaban shaidu biyu kafin kuɗi ya fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Huɗu, wanda kaya suka yi masa kwantai kada kunya ta sa ya ɓoye. Abin da ya ƙi tafiya a Yawunde yana iya tafiya a Kiyosi ko Garwa-Bulai. Ya kawo jerin, mu haɗa shi da ɗan uwa mai bin wannan hanya.

Matashin nan mai takalma yana cikinmu a yau, kuma da izininsa muka ba da labarinsa. Ƙungiya ta zauna da mai bashinsa an tsara biya. Muna roƙon masu zuwa iyaka su same mu bayan taro, a ga kwali nawa kowa zai iya ɗauka.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare matafiyanmu, Ya raba mu da bashin da ba za mu iya biya ba. Allah Ya zaunar da Kamaru da Najeriya da maƙwabtanmu lafiya, Ya ƙara wa shugabanninmu haƙuri da mu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana.